Hancin Da Na Baro A Kumasi

Ruwa ake yi ranar da na sauka Kumasi, kuma a ganina bai taɓa ɗaukewa da gaske ba har na bar garin. Na sauko daga mota da jaka a kafaɗa, wuƙaƙena uku a naɗe cikin tsumma, da wata ƙaramar ƙwarya a buhu wadda na yi ta karewa daga gwiwoyin fasinjoji tun daga Illela. Sunana Ummaru, ɗan mahauta ne ni daga Ƙofar Dundaye a Sakkwato. Kilishi muke yi a gidanmu tun zamanin kakana, kuma kilishin ne ya kai ni ƙasar Gana.

Wanda ya kira ni shi ne Alhaji Bawa, haifaffen zangon Kumasi. Ya zo wani ɗaurin aure Sakkwato, ya ci kilishinmu, ya rantse sai ya buɗe shagon irinsa a garinsu. Ya yi mini alkawarin shago mai gilashi da ɗaki mai fanka. Da na iso na tarar shagon rumfar kwano ce a bakin kwata, ɗakin kuwa shi ne bayan rumfar, inda aka kare da buhu. Na dube shi, ya dube ni, ya ce, "Sannu sannu, Basakkwace, komi za ya zo." Na haɗiye maganar da ke bakina, domin na riga na bi gida gida na yi sallama da mutanen unguwarmu, kuma kunyar komawa hannu biyu ta fi ƙarfina.

Kuskurena na farko irin na mutumin Sakkwato ne: na yarda da rana. A gida kana shanya nama da hantsi, kafin la'asar ya bushe ƙayau. Na yanka cinya guda siriri siriri, na shanya a kan gadon kara, na koma gefe ina jiran rana ta yi aikinta. Kwana biyu naman na nan luɓus, a na uku ya fara fitar da gashin funfuna. Wata dattijuwa Ba'asantiya mai sayar da dokunu, wato tuwon masara mai tsami na naɗewa a ganye, da soyayyen kifi a rumfar da ke kusa da tamu ta daɗe tana kallona. Sunanta Mami Afiya, kuma tana jin Hausar kasuwa. Ta ce, "Sokoto, nan rana ba ya aiki. Nan wuta ne yana aiki." Ita ta nuna mini yadda suke busar da kifi a kan garwashi maras ƙarfi. Ni kuma na riƙa wasa mata wuƙaƙenta duk ranar Juma'a.

Sirrin kilishi yana cikin labu, wato kwaɓin da ake tsoma busasshen naman a ciki: tunkuza da citta da kanumfari da masoro da kimba da barkono da albasa da gishiri. A gidanmu ba a awo. Cittar bana daban take da ta bara, barkonon wannan buhu daban da na wancan, saboda haka hanci ke faɗa maka abin da ya rage. Tun ina ƙarami Baba kan ɗaure mini ido da rawaninsa, ya kanga mini abu a hanci, in na kuskure in sha ranƙwashi. Shi kansa hancinsa a karkace yake, tun da wani bijimi ya buge shi a kasuwar shanu ta Kara ina ɗan shekara shida, amma duk Dundaye an san babu mai hanci irin nasa. Akwai babbar ƙwaryar labu ta gado, kuma dokar kakana ita ce ba a miƙa ta ga wanda ba shi da hanci. Saboda dokar nan aka tsallake yayan Baba aka ba Baba. 'Yan'uwana maza duk sun kama aikin gwamnati, ni kaɗai na rage a sana'ar, ni ake jira in karɓa.

Muna da wata al'ada kuma. In Baba ya gama kwaɓa labu a zaure, sai ya rufe ƙwaryar da faifai, ya shiga da ita cikin gida da kansa, ba ya yarda kowa ya bi shi. Jim kaɗan sai ya fito, wani lokaci da ƙwayar kanumfari a kan faifan, wani lokaci guntun citta, wani lokaci babu komai. Sai ya yi bisimilla ya ƙara irin abin da ke kan faifan. Mu dai mun ɗauka neman albarka ne, kuma Baba ba mutumin da ake yi wa tambaya ba ne. A Kumasi ma ban bar al'adar ba. In na kwaɓa sai in shiga bayan buhu da ƙwaryata, in karanta Fatiha, in ɗora kanumfari ɗaya a kan faifai, in fito.

Ashe duk abin da nake yi ana rubutawa. Alhaji Bawa ya haɗa ni da ƙanin matarsa, wani magidanci mai suna Mumuni, wai ya taya ni aiki. Na lura in na ɗebi citta sai ya ce in dakata, ya juye ta a gwangwanin madara, ya duba, ya rubuta a ɗan littafi. Har shigata bayan buhu da kanumfarin kan faifai sai da ya rubuta. Na gane inda aka dosa, amma abin dariya ya ba ni, na bar shi yana ta awonsa.

Kilishi ya karɓu. Duk ranar Lahadi nakan kira gida, in gaisa da Inna, da matata Hajaru, da 'yata Nana da ta fara haɗa magana, sannan a ba Baba. Hirarmu da shi ɗaya ce kullum: in zagi cittar Gana, in ce ƙamshinta kamar na jiƙaƙƙen itace, in zagi kimbarsu, shi kuma ya yi ta dariya yana tari.

Ana cikin haka korona ta iso. Muna jin ta a rediyo kamar labarin wata duniya, sai ga shi an ce kowa ya zauna gida, an rufe kasuwa, an rufe iyaka, an hana jam'i. Alhaji Bawa ya zo da takunkumi a fuska, ya tsaya can nesa kamar ni ne cutar. Ya ce, "Basakkwace, ka ga yadda duniya ya zama. Rumfa za mu rufe. Ka nemi wuri." Mumuni na bayansa, littafin na leƙowa daga aljihunsa. Na ce, "Alhaji, ina ni ka zuwa, ga iyaka ruhe?" Ya ce Allah na nan. Na ce lallai yana nan, kuma yana kallo.

Ina ɗaure kayana Mami Afiya ta leƙo tana kwashe nata. Ba ta tambaye ni komai ba, ta ɗora tukunyarta a kaina ta ce in biyo ta. Mijinta ya daɗe da rasuwa, akwai ɗakin da yake ajiye kayan kafinta, nan ta share mini. Washegari ta sayo sabuwar tukunya da sabon cokali ta ce nawa ne ni kaɗai, don ta san akwai abin da Musulmi ba ya ci. Ta tambaye ni ina ne gabas, ta sa aka janye wani tebur daga wajen. Tun ranar na daina ce mata Mami, na koma ce mata Inna, ita kuma ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Sokoto.

Bayan an sassauta kulle da 'yan makonni zazzaɓi ya kwantar da ni. Ciwon jiki, tari, numfashi kamar ana zaune a ƙirjina. 'Yar Mami ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti, ita ta sa aka zo aka gwada ni, aka ce korona ce. Aka ce in killace kaina. Mami takan ajiye abinci a kan kujera a ƙofar ɗaki, ta ƙwanƙwasa da sanda, ta koma tsakar gida ta zauna tana yi mini hira da ƙarfi har sai ta ji ƙarar cokali. Na ji tsoron mutuwa a ƙasar da ba a san sunan ubana ba. Amma Allah ya sa da sauran kwana, zazzaɓin ya sauka.

Wata safiya na kwance ƙullin kanumfari don in tauna saboda tari. Na kai hanci kamar yadda na saba, ban ji komai ba. Na murje shi a tafin hannu, na shaƙa har na yi atishawa, shiru. Na ɗauko citta, na ɗauko kimba, na ƙyasta ashana na kashe a gaban hancina. Na fita na durƙusa a bakin kwatar gidan, wadda a da nake toshe hanci in zan wuce ta. Duk iska ce kawai. A baki kuwa gishiri nake ji da zafin barkono, sauran abinci duk tamkar jiƙaƙƙiyar takarda. Na koma ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka, ni da gemuna. Da ƙafa ce ta tafi da na yi kilishi a zaune. Amma hanci shi ne gadona, shi ne abin da Baba ke jira in kawo masa gida.

Ban faɗa wa kowa ba. Ranar Lahadi na kira gida.

"Ummaru, lahiya kake? An ce muna ciwon ga ya yi yawa can," in ji Baba.

"Lahiya lau nike, Baba. Ɗan masassara na niy yi, ya wuce."

"To madalla. Yaya cittar tasu?"

"Tana nan lahiya, Baba."

Ya sa mini albarka ya miƙa wa Inna wayar. Haka muka yi ta yi mako bayan mako. Alhaji Bawa ma ya aiko a kira ni, don kilishin da Mumuni ya yi da littafinsa ya fito da ɗaci, masu saye sun gudu. Na ce a gaya masa ba ni zuwa. Ya ɗauka fushi nake, har ya aiko da ban haƙuri, alhali tsoro ne ya hana ni: in na je, ni ma Mumuni ne, sai dai ni ko littafi ba ni da shi.

Zama ba ya ciyar da mutum, don haka na sayo nama kaɗan na fara yi a tsakar gidan Mami, ina kwaɓa labu da ido da tunanin yadda hannuna ya saba. Karo na uku aka yi kwana biyu ana ruwa, garwashi bai kama sosai ba. Ni dai na ga nama ya yi kala mai kyau, na tsoma a labu, na gasa, na jera a tire zan fita talla. Mami ta fito daga wanka ta tsaya cak.

"Sokoto, wannan ina za ka kai shi?"

Na ce bakin titi.

Ta matso, ta ɗauki ɗaya, ta kawar da kai. "Kai za ka kashe mutane? Nama ya lalace! Kai ba ka ji?"

Na tsaya da tire a hannu, ban san lokacin da na ce, "Inna, ba ni jin komi. Tun ciwon nan." Na faɗa mata duka, har zancen ƙwaryar gado. Na zaci za ta tausaya mini. Sai ta karɓe tiren ta juye a rami, ta ce, "Shi ne ka ɓoye kamar ka saci akuya? Hanci naka ya tafi, nawa yana nan. Daga yau ka kwaɓa, ni na ɗanɗana."

Haka aka yi. In na kwaɓa sai in kai mata ƙwarya, ta lakata da ɗan yatsa, ta lumshe ido. Matsalar ɗaya ce, a wajen Mami komai barkono ya rage masa. Mun yi ta faɗa a kan haka, ina ce mata kilishi muke yi, ba maganin mura ba. A hankali ta koyi sunayen kayan, har ta fara cewa kimba ta yi yawa, kuma masu saye suka dawo.

'Yarta ta ce in riƙa shinshina abubuwa masu ƙarfi safe da yamma, ko ban ji komai ba, wai hanci na iya tunawa. Mami ta mai da abin wasa. Ta ɗaure mini ido da ɗankwalinta, daidai yadda Baba ke yi da rawani, ta kanga mini abu ta ce in canka. Wata rana na shaƙa na ce turare ne. Ta faɗi ƙasa tana dariya har da hawaye, ashe wani ruɓaɓɓen kifin gishiri ne da suke sa wa miya, wanda a da ko tukunyarsa aka buɗe sai na bar tsakar gidan. Na cire ɗankwalin na gani, ni ma dariya ta ƙwace mini. Rabona da dariya tun kafin ciwo.

Daga nan na shata wa kaina hanya don kada zuciya ta cinye ni. Na daina sauraron rediyo in an zo lissafin waɗanda suka mutu. Bayan asuba in karanta abin da ya sawwaƙa, in wasa wuƙaƙena ko da babu naman yankawa, in share tsakar gida. In kewa ta taso sai in kunna saƙon muryar Nana, inda take cewa in sawo mata takalmi mai ƙara, in saurara sau uku, in tashi in kama wani aiki. Ba kullum abin ke ci ba. Akwai ranakun da na wuni kwance ina kallon kwano, Mami ta yi ta buga ƙofa da sandarta har sai na fito don in huta da ƙarar.

An shafe watanni haka, hanci bai motsa ba. Sai wata Lahadi Baba ya ce, "Ummaru, idona ya yi rauni, ƙahwa ma ta ƙi. Ka taho in miƙa ma ƙwarya tun ina da rai." Na ce iyaka a rufe take. Ya ce, "Albasa na wucewa, kai ma ka wuce."

Gaskiyarsa, motocin kaya ba a hana su ba. A kasuwar albasa na samu wani direba Bazabarme mai suna Isufu, wanda ke kawo albasa daga Galmi ya koma ta Ƙonni. Gaban motar a cike yake, bayanta kuwa ragowar ruɓaɓɓiyar albasa ce da ruwa ya daka, ba mai iya zama. Na hau na zauna na miƙe ƙafa. Isufu ya leƙo yana toshe da hanci, ya ce, "Kai mutum ne ko aljani?" Na ce mutum ne, kuma zan wanke masa motar in ya rubuta ni cikin ma'aikatansa. Ranar ce kaɗai rashin hanci ya yi mini rana. Mami ta rako ni da dokunu a leda da ƙulli biyar na kayan ƙamshi. Ta ce, "Safe da yamma, kar ka bari. Kuma ka gaya ma babanka." Na durƙusa zan yi godiya, ta ce in tashi kada in sa ta kuka a gaban 'yan albasa.

A Tamale aka fara tsayar da mu, ana kanga mana na'urar auna zafin jiki a goshi. A bakin iyaka wani mutum mai tsabtar riga ya ce yana da takardar gwaji ta gaggawa, na yarda na karɓa. Jami'in da na miƙa wa ko karantawa bai yi ba, ya yage ta, ya nuna mini wata rumfa inda ake gwajin gaskiya. Kwana uku muka yi nan ana jiran sakamako, Isufu na zagina da Zabarmanci yana kuma raba abincinsa da ni. Da mai gwajin ya zura mini tsinke a hanci har hawaye suka zubo, na ce masa ya ƙara turawa ko Allah zai sa abin ya farka. Ba ya jin Hausa, amma ya ga ina dariya, shi ma ya yi.

Bayan Wagadugu akwai dajin da direbobi ba sa magana a cikinsa, kowa na salati har aka fita. Daga Yamai zuwa Doso ƙasa ta fara kama da tamu, ga adua, ga jar ƙasa, ga rana mai ci har ƙashi. Na cire riga na bar ta ta gasa mini baya. Sai dai kowa a motar murnar kusantar gida yake, ni kuwa kowace tasha nauyi take ƙara mini. Ina ta kwance ƙullin Mami ina shaƙa a ɓoye. Har na fara tsara ƙarya: in Baba ya tambaye ni abin da ya rage, in ce kanumfari, tunda shi ya fi yawan fitowa a kan faifai.

Daga Ƙonni ɗan kabukabu ya bi da ni a babur ta gonaki zuwa Illela. Ban wuce Dundaye kai tsaye ba, saboda kada in kai wa tsofaffi cuta. Na sauka a wani ɗaki na ɗan'uwana a unguwar Mabera na yi mako biyu. Hajaru ke kawo abinci ta ajiye a dakali, Nana na leƙe daga bayan zanenta, ta ƙi yarda ni ne sai da na miƙo takalmin ta taga. A rana ta huɗu na kasa riƙewa, na faɗa wa Hajaru. Na jira ta yi salati ko ta kama baki. Ta gyara mayafi kawai ta ce, "Malam, ka dai tahi wurin Baba." Har na ji haushin yadda ta ɗauki abin da sauƙi.

Da hantsi na isa gida. Baba na zaure, ya rame, amma babbar ƙwaryar na gabansa, ya riga ya kwaɓa. Bayan gaisuwa da kuka da aka yi a cikin gida, ya kira ni na zauna. Ya turo mini ƙwaryar.

"Shinshina ka hwaɗa man mi yar rage."

Na ɗauka, na kai fuska, na ja numfashi. Babu komai. Kalmar kanumfari na kan harshena. Na dubi tsohon nan da ya jira ni da ido rabi, na ji ba zan iya ba. Na ajiye ƙwaryar.

"Baba, ba ni jin komi. Ciwon ga ya tahi da hancina tun can. Na ɓoye maka, ka gahwarta man. Ka ba wanda yad dace."

Baba ya jawo ƙwaryar gabansa. Ya rufe ƙwaryar da faifai, ya dafa bango ya miƙe, ya ce, "Ɗauko ta ka biyo ni."

Shekarata talatin da shida, ranar na fara shiga cikin gida tare da ƙwaryar nan. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta, kusa da ita wani ɗan lefe da na sha gani ban taɓa kula da shi ba. Baba ya ce in ajiye a gabanta. Ta buɗe, ta shinshina, ta lakata da ɗan yatsa, ta ce, "Kimba ta yi kaɗan, Malam." Ta sa hannu a lefen ta ɗauko kimba ɗaya ta ɗora a kan faifai.

Na tsaya baki buɗe. Baba ya taɓa karkataccen hancinsa.

"Tun ran da bijimin nan yab buge ni, ko hayaƙi ban ƙara ji ba. Uwarka ita ah hancin gidan ga."

"Baba, to sa'ad da kaka ɗaure man ido hwa?"

"Ni ina ganin abin da nis sa maka, kai ka shinshina. Mi ac cikin wannan?"

Inna ta harare ni ta ce, "Kai ma da wautarka, Ummaru. Kana zaton kanumhwari da ƙahwarshi shika hawa bisa faifai?"

Na tuna kaina a bayan buhu a Kumasi ina ɗora kanumfari da Fatiha, na tuna Mumuni yana rubutawa, sai dariya da kuka suka zo mini tare, na zauna dirshan a ƙasa. Da na samu numfashi na ce, dokar kaka fa? Baba ya ce kakana cewa ya yi kada a yi labu ba hanci, kuma ba a taɓa yi ba a gidan nan. Sannan ya sassauta murya.

"Ɗan da kullum ka zagin cittar Gana, ran nan sai yac ce tana nan lahiya. Na san wanga shiru, don ni ma na yi shi. Tun ran nan nic ce ma uwarka ta hwara koya ma Hajaru."

Na waiga, ga Hajaru a bakin madafi tana murmushi cikin mayafi. Baba ya ɗauki ƙwaryar da hannu biyu, ya ɗora mini a cinya, ya yi addu'a, muka shafa. Nauyin da na ɗauko tun daga Kumasi ya sauka nan take, har na ji barci ya kama ni da rana tsaka.

Hancin ya dawo bayan wasu watanni, ba da sanarwa ba. Ina zaure ina yanka nama sai na ɗaga murya na ce tuwo na ƙonewa. Hajaru ta fito da gudu, ta tsaya tana kallona, ta rangaɗa guɗa, tuwon kuwa ya ƙone ƙurmus muka ci haka nan. Bai dawo duka ba, har yau kimba warin ƙonanniyar roba take yi mini. In Isufu ya biyo ta Ƙonni nakan aika wa Mami kilishi, nata daban, da barkonon da zai sa Basakkwace kuka.

Baba ya daina fitowa zaure, ni ke kwaɓawa yanzu. Yawancin lokaci na san abin da ya rage tun kafin in rufe ƙwaryar, amma duk da haka sai na ɗauke ta na shiga cikin gida. Jiya ma na rantse labun ya cika, Hajaru ta lakata, ta dube ni, ta ɗora ƙwayar masoro ɗaya a kan faifai. Na fito na yi bisimilla na ƙara.